Yadda Nake Zaɓar Madabod Idan Aljihu Bai Cika Ba

Kwamfutar gem ta farko da na haɗa da hannuna sai da ta yi mako uku tana wasa da hankalina. Idan na kunna wasa, minti goma sha biyar na farko lafiya lau, hoto na tafiya sumul. Daga nan sai ta fara ɗingishi: ta tafi, ta cije, ta zabura, ta sake cijewa. Na zargi katin hoto, na goge direbobinsa na sake sakawa. Na zargi Windows, na sauke shi na ɗora sabo. Na kwance fankar farosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na goge man da ke kai na shafa wani. Ko gezau.

Wata rana na buɗe manhajar HWiNFO na ajiye ta a gefe ina wasa ina leƙawa. Zafin farosesar bai kai digiri 70 ba, wato ita kam ba ta da laifi, amma gudunta yana faɗowa daga gigahaz 4 zuwa ƙasa da rabin haka, ya ɗan jima ya koma sama, ya sake faɗowa. Na cire murfin akwatin, na kai yatsa kan wasu ƙananan baƙaƙen abubuwa da ke jere a hagun soket, wato ramin da farosesa ke zama a jikin madabod. Ban san lokacin da na fizge hannun ba, kuma washegari yatsan ya yi bororo. Kada ka kwaikwaye ni a wannan. Na samo wata ƙaramar fanka na ɗaure ta da zare tana hura wurin, ɗingishi ya ɗauke kamar ba a taɓa yi ba.

Laifin nawa ne. Na zuba kusan duk abin da nake da shi a katin hoto da farosesa, Ryzen 7 2700X ce ta hannu, ragowar canjin kuma na sayi madabod mafi araha da soket ɗinsa ya dace, ban duba komai ba bayan haka. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Tun daga ranar na riƙe abu ɗaya game da madabod, wannan babban allon da kowane sashe na kwamfuta ke maƙale a jikinsa: komai tsadarsa ba zai ƙara maka firam ko ɗaya, wato yawan hotunan da wasa ke nunawa a daƙiƙa, ba, amma idan ya gaza zai sace maka waɗanda ka riga ka biya kuɗinsu. Don haka abin da nake nema shi ne mafi arahar allon da ba zai sata ba. Ga yadda nake gane shi.

Ban taɓa fara duba madabod ba sai na gama yanke shawara a kan farosesa, domin ita ce ke faɗa maka soket. A ɓangaren AMD akwai AM4, wanda ya fito a 2016 kuma aka yi ta ɗora masa sababbin farosesoshi shekara da shekaru. A kansa Ryzen 5 5600 take zama, kuma RAM samfurin DDR4 kaɗai yake ci. Akwai AM5 na 2022, gidan Ryzen 7000 da 9000, shi kuma DDR5 zalla, kuma a 2024 AMD ta ce za ta ci gaba da tallafa masa har 2027 ko bayan haka. A ɓangaren Intel akwai LGA 1700 na 2021, mai ɗaukar zubi na 12 da na 13 da na 14, irin su Core i3-12100F da i5-12400F, sai LGA 1851 na 2024 mai ɗaukar Core Ultra 200. Farosesar wannan ba ta shiga ramin wancan ko da za ka taka ta da ƙafa.

LGA 1700 yana da wani tarko da ya kama mutane da yawa. Allo iri ɗaya, suna kusan ɗaya, amma wani na DDR4 ne wani na DDR5. Sandunan RAM ɗin tsawonsu ɗaya, haƙoransu 288 dukansu, sai dai tsagar da ke tsakiya ba wuri ɗaya take ba, don haka wannan ba ya shiga gurbin wancan. Duba ƙarshen sunan allon. Idan na DDR4 ne galibi za ka ga an rubuta DDR4 ko D4.

Wanne za ka ɗauka? Idan kuɗin sun yi ƙaranci sosai, ni AM4 ko LGA 1700 mai DDR4 nake bi, in juya rarar zuwa katin hoto, domin shi ne ke ɗaukar nauyin wasa. Idan kana iya ɗan miƙa hannu, kuma kana son nan da shekara uku ka canza farosesa ba tare da ka tumɓuke komai ba, AM5 ya fi.

Bayan soket sai cifset, wato harafi da lambar nan da ke cikin sunan allo. A taƙaice: na X a wajen AMD da na Z a wajen Intel na masu kuɗi ne, na A da H610 su ne na ƙasa, na B kuma shi ne tsaka-tsaki, kuma a nan mai ƙaramin ƙarfi ya kamata ya kafa tanti. B550 a AM4, B650 ko B850 a AM5, B660 ko B760 a LGA 1700. H610 ba ya barin RAM ya wuce gudun da Intel ta ƙayyade, kuma galibi gurbin RAM biyu kawai yake da shi. Da i3 yana yin aiki, amma ban cika son sa ba ga abin da ya fi haka. A520 ya tsaya a PCIe 3.0, wato tsohon zubi na hanyar da katin hoto ke magana da farosesa. Ka kuma yi hattara da B840: harafinsa B ne, amma a halayya ya fi kusa da A620 fiye da B850. Sai dai kada ka ɗauka cifset shi ne inganci. Alluna biyu za su iya zama B550 dukansu, ɗaya ya riƙe farosesa mai ƙwaya takwas, wato sassan aiki takwas a cikinta, yana dariya, ɗayan yana haki. Bambancin yana wurin da ya ƙona mini yatsa.

Sunan wurin VRM, kuma a nan zan daɗe. Akwatin wuta yana turo bolt 12 ta wayar nan mai fil 8 da ake soka wa a saman allo. Farosesa kuwa bolt ɗaya da ɗan ɗoriya take so, wajen 1.2 ko 1.3 idan tana aiki tuƙuru. Aikin VRM shi ne ya sauke 12 ɗin nan zuwa ɗaya da ɗoriya, ya kuma riƙe shi daram duk yadda buƙatar farosesa ke hawa da sauka cikin ƙiftawar ido. To ga lissafin da ya buɗe mini ido: idan bolt ya yi ƙasa haka, dole kwararar wutar ta yi yawa. Farosesar da ke jan wat 140 a bolt 1.3 tana zuƙar amfa sama da ɗari, kuma duk ta cikin waɗannan ƙananan baƙaƙen abubuwa take bi. Suna ɗumama. Idan zafin ya kai wani mataki, allon da kansa yake taka wa farosesa burki don kada ya ƙone. Ɗingishin da na yi mako uku ina nema ke nan.

Lambar wat da ke jikin kwali ma ba ita ce iyakar ci ba. Farosesar AM4 da aka rubuta wa wat 105 an yarje mata ta ja har 142. Core i5-12400F an rubuta 65, amma Intel da kanta ta ce tana kaiwa 117 idan ta ɗau zafi. Da babbar lambar ake auna allo.

Yadda nake duba VRM ba tare da na'urar gwaji ba shi ne in buɗe hoton allon daga sama, in ƙara girmansa, in kalli hagun soket da samansa. Ina neman ƙarfen sanyaya, dunƙulen alminiyam mai tsaga-tsaga da aka ɗaure a kan waɗannan abubuwan. Idan babu ko ɗaya, komai tsirara, to allon na farosesa mai ƙwaya huɗu ne, ko shida mai sauƙin ci idan akwai iska sosai a akwatin. Idan akwai a hagu kawai, ya isa Ryzen 5 ko Core i5 wadda babu harafin K a sunanta, domin galibi a hagun ne sassan da ke ciyar da ƙwayoyin farosesa suka fi yawa. Idan akwai a hagu da sama, ka samu sarari har na gaba. Ka lura da kyau ko ƙarfe ne ko roba: wasu allunan suna da wata ƙatuwar rumfar roba a kan ramukan baya mai kama da abin sanyaya, alhali kwalliya ce, wani lokacin ma tare iska take yi. Kyan ɗan maciji ke nan.

Za ka ga ana tallar lambobi irin 6+2 ko 8+2+1. Lambar farko ita ce yawan sassan da ke raba nauyin ƙwayoyin farosesa a tsakaninsu, kuma a bisa ƙa'ida yawansu yana rage wa kowanne zafi. Amma ban yarda da ita ido rufe ba. Sassa shida masu kyau, kowanne mai ɗaukar amfa 50 ko 60, sun fi takwas na tarkace, kuma kamfanoni suna da hanyoyin ƙirga da ke kumbura lambar. Abin da ya fi mini shi ne in rubuta cikakken sunan allon tare da kalmar VRM in nemi wanda ya gwada shi da ma'aunin zafi. Tashar Hardware Unboxed ta Ostareliya, alal misali, ta sha jera alluna masu araha tana auna zafinsu ɗaya bayan ɗaya. Minti goma na kallo ya fi mako uku na zargin katin hoto. Gani ya kori ji.

Wani abu da na gano daga baya, wanda ya ƙara dagula mini tawa matsalar: ƙaramar fankar da ke zuwa a kwalin farosesa ƙasa take hurawa, iskarta tana bazuwa ta shafi VRM. Doguwar fanka mai kama da hasumiya, irin wadda na saka, gefe take hurawa ta bi ta samansu ta wuce. Mai sanyaya da ruwa kuwa ba ya ba su iska ko kaɗan. Don haka idan allonka tsirara ne kuma ka saka babban abin sanyaya, farosesa za ta ji daɗi, maƙwabtanta su gasu. Fanka ɗaya a bayan akwati ko a samansa tana rage wannan.

Sai BIOS, ƙaramar manhajar da ke zaune a cikin allon, wadda ke tashe shi ta gane farosesa. Allo yana iya fitowa daga masana'anta kafin a haifi farosesar da za ka ɗora masa. B450 na 2018 ne, B550 ya fito a tsakiyar 2020, Ryzen 5000 kuma sai a Nuwamban 2020, Ryzen 5 5600 ma sai 2022. Haka B660 da zubi na 13, haka B650 da Ryzen 9000. Idan allon ya daɗe a ajiye da tsohon BIOS, za ka haɗa komai daidai, fankoki su juya, amma monita ya tsaya baƙi ƙirin. Soket ya dace, allon ne bai san baƙuwar ba. A da maganin shi ne ka aro tsohuwar farosesa ka sabunta da ita. Yanzu akwai maɓallin da ke yin aikin ba tare da farosesa ba, kuma ni ba na sayen allon da ba shi da shi idan akwai wani mai shi a kusa da kuɗinsa. ASUS suna kiran nasu USB BIOS Flashback, Gigabyte Q-Flash Plus, MSI Flash BIOS Button, ASRock BIOS Flashback. Ɗan ƙaramin maɓalli ne, galibi a baya kusa da ramukan USB.

Yadda ake yi: ka samu filas ka tsara shi a FAT32, ka sauko da fayil ɗin BIOS daga shafin ainihin allonka, ka canza masa suna yadda littafin ya ce (a MSI sunan MSI.ROM ne, a Gigabyte GIGABYTE.bin), ka soka wayar wuta mai fil 24 da mai fil 8, ka saka filas a ramin da aka yi wa alama, ka danna. Wata 'yar fitila za ta yi ta ƙiftawa na wasu mintoci. Kada ka taɓa komai, kada wuta ta yanke, har sai ta daina. Na ce ainihin allonka domin sunaye suna kama da juna ƙwarai, kuma wasu kamfanonin suna fitar da allo ɗaya a bugu daban-daban, 1.0 da 1.1 da sauransu, an rubuta lambar da ƙananan haruffa a kusurwar allon.

Kafin in biya kuɗi nakan shiga shafin tallafin allon in duba abu biyu. Na farko jerin farosesoshin da yake ɗauka, inda zan ga ko tawa tana ciki da kuma lambar BIOS da take buƙata. Na biyu ranar BIOS na ƙarshe da suka fitar. Allon da ake ta sabunta masa yana da masu kula da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a 2023 ta hanyar sabon BIOS aka ƙayyade wani bolt na Ryzen 7000 a 1.3 bayan wasu farosesoshi sun ƙone, a 2024 kuma gyaran da Intel ta yi wa matsalar zubi na 13 da na 14, mai lamba 0x12B, ta BIOS ya iso ga mutane. Wanda allonsa maraya ne, sai dai ya ji labari.

Maganar RAM gajeriya ce. Sanda biyu za ka saya, ba ɗaya ba, domin hanya biyu allon ke da ita zuwa farosesa, kuma sanda ɗaya rabin hanya yake amfani da ita. Idan gurabe huɗu ne, a mafi yawan alluna na biyu da na huɗu daga farosesa ake fara cikawa, A2 da B2. Sannan ka shiga BIOS ka kunna XMP, ko EXPO a AM5, ko DOCP a wasu allunan ASUS. In ba haka ba RAM ɗin da ka saya a matsayin 3200 zai zauna a 2133 ko 2400 kana ta murna. A AM4 nakan nemi 3200 ko 3600, a AM5 kuma 6000. Gurabe huɗu suna da amfani a DDR4, don ƙari nan gaba. A DDR5 ban damu da su ba, domin cika huɗun yakan tilasta wa gudun sauka. Kuma idan ka kunna allon DDR5 karon farko ya yi shiru na minti biyu ko uku, kada gabanka ya faɗi, gwada RAM ɗin yake yi.

Katin hoto a dogon gurbin sama ake saka shi, mafi kusa da farosesa. Dogon gurbin ƙasa yaudara ce a yawancin alluna masu araha: tsawonsa na layi 16 ne amma layi huɗu kawai aka jona masa, wani lokacin ma ƙasa da haka. Game da PCIe 3.0 da 4.0, kowane zubi ninki biyu ne na wanda ya gabace shi. Katin da ke amfani da layi 16 ba ya jin bambancin sosai. Abin mamaki, katunan masu araha ne suka fi jin jiki, domin su ake rage wa layi. RX 6600 da RTX 4060 layi takwas ne. RX 6500 XT huɗu kacal, kuma a kan 3.0 yakan shaƙe a wasanni masu nauyi. Ka kuma sani cewa farosesa tana da hannu a ciki: Ryzen 5 5500 da 5600G a 3.0 suka tsaya ko da a kan B550 ka ɗora su. Idan katin Intel Arc za ka saka, tabbatar BIOS ɗin yana da saitin da ake kira Resizable BAR, domin ba tare da shi ba katin ba ya sakin jiki. PCIe 5.0 kuwa, a kwamfutar mai ƙaramin ƙarfi, ban ga dalilin ƙara ko sisi saboda shi ba.

Gurbin M.2 na ma'ajiya, biyu nake so. Wasannin yanzu wani ɗaya yana cinye fiye da gigabait ɗari. Ka karanta ƙananan rubutun littafin, domin a wasu alluna cika gurbi na biyu yana kashe ɗaya ko biyu daga ramukan SATA, inda ake jona ma'ajiya da waya.

Girma uku ne: ATX mai milimita 305 da 244, microATX mai 244 da 244, Mini-ITX mai 170 da 170. Na tsakiyan shi ne abokin talaka. Ƙaramin ya fi tsada, babban kuma kana biyan kuɗin gurabe ne da ba za ka taɓa cikawa ba. Duba dai akwatinka ya ɗauke shi.

Da ƙanena ya tashi haɗa tasa, ya turo mini hoton wani allo mai fitilu kala-kala da zanen dodo a jikin ƙarfensa. Ya ce, "Yaya, wannan fa? Ka ga har Gaming aka rubuta." Na ce masa kalmar nan ba ta da tsada wajen bugawa, ba girin-girin ba, ta yi mai. Na sa shi ya ƙirgo mini abubuwan da zai jona: madannai, linzami, abin kunne, abin riƙe wasa, filas. Biyar ke nan, allon kuma ramukan USB huɗu gare shi a baya. Na ce ya ƙirgo fankokin akwatinsa: uku. Wurin jona fanka a allon, ban da na farosesa, ɗaya tal. Akwatin yana da ramin USB-C a gaba, allon ba shi da wurin jona shi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Muka koma kan wani B550 microATX maras ado, mai ƙarfe a kan VRM, mai maɓallin BIOS, mai Wi-Fi a jiki domin ɗakinsa ya yi nisa da na'urar intanet. Idan kai waya za ka ja, kada ka biya kuɗin Wi-Fi. Sauti ma haka: Realtek ALC897 da ke yawancin masu araha ya wadatar da mai wasa, kuma wanda abin kunnensa na USB ne bai ma taɓa amfani da shi ba. Idan kana son fitilun, lura cewa masu fil uku bolt 5 ne, masu fil huɗu bolt 12. Ka jona masu bolt 5 a wurin bolt 12, sun ƙone nan take.

Fitilun da nake girmamawa su ne wasu ƙanana guda huɗu a gefen dama, an rubuta musu CPU, DRAM, VGA, BOOT. Idan kwamfuta ta ƙi tashi, wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna maka inda ciwon yake. Ranar da ƙanen nawa ya gama haɗawa ya kira ni murya na rawa: "Yaya, ta kunnu amma babu hoto, ina jin na ƙona ta." Na ce wace fitila ce a kunne? Ya ce babu ko ɗaya, duk sun mutu. Na ce to lafiyarta ƙalau, ina ka soka wayar monita? Ya soka ta a ramin HDMI na madabod. Ryzen 5 5600 ba ta da sashen hoto a cikinta, haka duk farosesar Intel mai F a ƙarshe, don haka ramin nan a mace yake. Ya mayar da ita jikin katin hoto, sai na ji ihu ta waya.

Akwai kuma TPM 2.0 da Secure Boot, matakan tsaro biyu waɗanda Windows 11 ke nema, wasu wasannin gasa irin Valorant ma suna dubawa. Duk allunan da na ambata suna da su a BIOS, fTPM a AMD, PTT a Intel. Wannan ne ɗaya daga dalilan da suka sa nake hana sabon shiga sayen haɗin nan mai arahar gaske da ake tallatawa a intanet, tsohuwar farosesar Xeon da allon X79 ko X99 maras sanannen mai ƙira. Yana iya yin aiki, na ga waɗanda suka yi. Amma ranar da ya tsaya babu littafi, babu sabon BIOS, babu wanda za ka tambaya.

Allo na hannu daga sanannen kamfani fa? Ina saye, da sharaɗi. A LGA 1700 da AM5 filolin a jikin allon suke, wajen 1700, sirara kamar gashi. Haska su da tocila daga gefe, ka juya allon a hankali. Duk lafiyayyu suna ƙyalli iri ɗaya, wanda ya lanƙwashe zai fita daban. Idan ka ga ko ɗaya, ajiye. A AM4 filolin a jikin farosesa suke, don haka allon ya fi jure wahala, amma ka tabbatar farantin ƙarfen da ke bayan soket yana nan, domin a jikinsa fanka ke ɗaurewa kuma masu sayarwa suna yawan mantawa da shi. Shinshina allon, warin ƙuna ba ya ɓuya. Duba bayansa ko akwai wurin da ya yi duhu, duba kafasita ko wata ta kumbura, duba kusa da ramukan noti ko sukudireba ya taɓa zamewa ya karce layi. Sannan a kunna a gabanka, a gwada kowane gurbin RAM. Idan agogon BIOS yana mantuwa, wannan ba ciwo ba ne, batirin CR2032 ne ya mutu.

Sabo ne ko na hannu, ba na saka shi a akwati sai na gwada a waje. Nakan ɗora shi a kan kwalinsa, ban da ledar da ya zo a ciki, in saka farosesa da fankarta, RAM, katin hoto, wayoyin wuta biyu, in taɓa filolin kunnawa guda biyu da bakin sukudireba. Idan BIOS ya fito, ya ga farosesa, ya ga RAM duka, sai in kashe in shiga haɗawa. Murfin robar da ke kan soket kuma a ajiye shi a kwali, domin idan za a mayar da allon a kan garanti ana neman sa. A cikin akwatin, ƙirga ƙusoshin tagulla da allon ke zama a kai, su yi daidai da ramukansa. Guda ɗaya da ya tsaya a inda babu rami yana iya taɓa bayan allon ya haɗa wuta.

Gwajin ƙarshe shi ne wanda da na san shi tun farko da yatsana bai yi bororo ba. Bayan Windows ya hau, rufe akwatin kamar yadda za ka riƙa amfani da shi, buɗe HWiNFO, kunna Cinebench, manhajar da ke ba farosesa aiki mai nauyi, ya yi ta maimaitawa na rabin awa. Kalli gudun farosesa: ya kamata ya ɗan sauka a farko sannan ya tsaya wuri ɗaya. Idan allon yana da ma'aunin zafin VRM za ka ga layin da aka rubuta wa MOS ko VRM. Ni idan ya haura digiri 90 nakan ƙara fanka, idan gudun yana faɗowa yana tashi kamar tawa ta farko nakan mayar da allon tun kwanakin mayarwa ba su ƙare ba. Da dare kuma in bar MemTest86, manhajar neman kuskure a RAM, yana bin sa har safe. Zafin VRM na ƙanena ya tsaya a digiri sittin da 'yan kai, gudun bai motsa ba, da safe kuskure sifili. Daga nan na ce masa ya ɗaure wayoyin ya sauko da wasanninsa.